Yadda Malam Hambali Ya Sa Aka Yanke wa Luka Wuta

Duk wanda ya yi noman rani tsakanin Kura da Bunkure a shekarun baya ya san Malam Hambali, in bai san fuskarsa ba to ya ji sunansa. Dogon mutum ne baƙi, mai faɗin tafin ƙafa, wanda wandonsa ya saba zama a naɗe har gwiwa. Ko masallaci zai shiga sai wani ya taɓa shi ya ce, "Malam, sauke wandon." Yana ɗan saurayi aka haƙa kanal ta bayan garinsu, yana tsaye a bakinta ranar da ruwan madatsar Tiga ya fara gangarowa yana turo kumfa da karmami a gabansa. Mahaifinsa manomin dawa ne, har ya koma ga Allah bai yarda da ruwan da ba daga sama ya zubo ba. Shi kuwa Hambali da ƙafa biyu ya faɗa cikin ruwan nan, bai fito ba sai da tsufa ya fito da shi.

Ya noma alkama, ya noma albasa, ya noma tumatir tun zamanin da ake jera kwanduna a bakin titin Kadawa har su ruɓe ba mai tayawa. Ya ga shekarar da tsutsa ta cinye tumatir ƙarƙaf, ya ga shekarar da shinkafa ta yi daraja har samarin gari suka cika hanya da sababbin babura. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa miƙa wa wani hannu ba. Abin da ya tara shi ne mutunci. Manoman reshensu na kanal shi suka ɗora a kan rabon ruwa, kuma ya daɗe a kai. In an kawo masa ƙarar wani ya toshe wa wani ruwa, ba ya cewa uffan sai ya ji ta bakin kowa, sannan ya taka har gonar ya gani da idonsa. Mutane kan ce shari'ar Malam Hambali tana da jinkiri, amma ba a ɗaukaka ƙara a kanta.

Ruwan da ya ciyar da shi, shi ya cinye masa gwiwoyi. Da shekaru suka ja sai sanyi ya kama su, suka kumbura, ya zama in ya zauna a tabarma sai ya dafa bango zai miƙe. Ya bar wa 'ya'yansa maza gona, ya koma zaman majalisa a gindin darbejiyar ƙofar gida. Autarsa Rahma, wadda take aikin jinya a wani asibiti a cikin Kano, ita ta ɗauki ɗawainiyar maganinsa da na mahaifiyarta Kubra.

A gefen gidan akwai ɗakuna biyu masu ƙofa ta waje, a nan Luke yake haya da iyalinsa. Duk garin Luka ake kiransa. Daga ƙasar Filato ya zo neman aiki, ya samu a wani injin casar shinkafa a Kura, kullum da safe ya hau babur ɗinsa ya tafi, da yamma ya dawo gashin girarsa fari fat da dusa. Matarsa Saloma tana sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara. Zaman nasu ya daɗe har haya ta koma zumunci. Kubra ce ta yi wa Saloma wankan jego da ta haifi ɗanta Caleb, Saloma ce ta yi jinyar Kubra a asibitin Kura lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da ita. Da Sallah nama ya tsallaka can, da Kirsimeti shinkafa da cincin su tsallako nan. Luka bai taɓa wuce Malam Hambali ba tare da ya sauka daga babur ya ce "Baba, barka da hutawa" ba.

Garin ya yi shekaru yana kallon turakun wuta da wayoyin da sai tsuntsaye ke amfana da su. Sai wani kamfanin wutar sola ya zo ya shimfiɗa faranti a filin bayan firamare, ya ja layi gida gida. Mitar da suka kawo ba irin ta da ba ce da ma'aikaci zai zo ya leƙa ya rubuta. Wannan da wayar hannu take magana. Ana loda mata kati daga ko'ina, tana nuna abin da aka sha, kuma mai wayar yana iya kunnawa ko kashewa yana zaune a wani gari. Rahma ce ta sa aka kafa ta, da lambarta aka yi rajista, don ita za ta riƙa loda kati. Mai haɗawar ya raba layin biyu, ɗaya cikin gida, ɗaya ɗakunan Luka, kowanne ana iya kashe shi daban ta waya, amma mita ɗaya ce ke ƙirga duka. Luka yana kawo nasa kason duk wata, ba a taɓa tuna masa ba.

Malam Hambali ya ji daɗin abin nan ba kaɗan ba. In baƙo ya zo majalisa sai ya ciro 'yar wayarsa ya kira Rahma, ya buɗe murya kowa ya ji, ya ce, "Auta, kashe mana wutar gida." Ƙwan zaure ya mutu. "To, kunna." Ƙwan ya kawo. Sai ya dubi baƙon yana shafa gemu ya ce, "Tana Kano fa. Ko motsi ba ta yi daga kujerarta ba."

Ana nan, wata ranar kasuwar Kura ya tafi da abokinsa Maikuɗi, tsohon direban tirela da ya san maganin kowace cuta ban da tasa. Maikuɗi ya ja shi rumfar masu kayan wuta ya nuna masa hita, wannan lanƙwasasshen ƙarfen da ake tsomawa a bokiti ruwa ya tafasa. Ya ce babu abin da ke sakin gwiwa kamar gashi da ruwan zafi safe da yamma. Malam Hambali ya tambayi mai rumfar ko tana shan wuta. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Wannan ɗan abin, Baba? Ai ko ƙwan fitila ya fi ta ci."

Ya saya, ya sa a aljihun babbar riga. Ya san Rahma ta hana shigo da hita gidan, don ta sha ganin waɗanda wutar hita ta ja an kawo su asibiti, wasu ma ba su tashi ba. Amma ya gaji da ganin Kubra tana fama da hayaƙin itace tana tari saboda ruwan gashinsa. Sai ya ɓoye ta a ƙarƙashin gado. Kafin asuba ya cika babban baho ya tsoma ta, da ya dawo daga masallaci ruwa ya yi zafi. Bayan magariba ma haka. Wani lokaci hira ta riƙe shi a waje, ya dawo ya tarar ruwan ya tafasa har ya ƙone rabi, ya ƙara wani. Kuma gaskiyar Maikuɗi, gwiwoyin sun saki. Har gona ya fara leƙawa.

Ba a jima ba kati ya fara ƙarewa tun wata bai raba ba. Rahma ta loda, ya ƙare, ta sake lodawa. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai wata rana a ƙarshen gaisuwa ta ce, "Baba, ko an ƙara wani abu ne a gidan? Wutar tana gudu." Ya ce ba a ƙara komai ba. Da ya ajiye wayar sai ransa ya ɓaci, don ba ya son a ce ya zame wa yarinya nauyi, ga ta da nata gidan da nata 'ya'yan.

Ɗakinsa bango ɗaya ne da ɗakin da Saloma ta ajiye firizarta, wata babba 'yar gwanjo mai gurnani ba dare ba rana. A da ko jin ta ba ya yi. Yanzu kuwa duk lokacin da ta ɗauka sai ya ji kamar aljihun Rahma take tsotsa. Ya kawo zancen majalisa, ba da sunan ƙara ba, da sunan neman shawara. Usaini mai shayi, wanda ƙanƙarar Saloma ta rage masa ciniki lokacin zafi, ya ce ai firiza irin wannan doki ce, ba ta ƙoshi. Wani ya ce wa ya sani ma ko suna da risho na wuta a ciki. Magana ta bi gari, har yaran da ake aika sayen zoɓo suka fara leƙen ɗakin Saloma.

Kubra ce kaɗai ta taɓo inda ke ciwo. Tana shara ta jawo hitar daga ƙarƙashin gado, ta riƙe ta da yatsa biyu ta ce, "Malam, anya ba wannan abin naka ba ne? Firizar nan fa tun kafin a kawo mita take, da janareta ma suke tayar da ita."

"Ke me kika sani a harkar wuta?" in ji shi. "Dubi girmanta, dubi girman wancan akwati. Mayar mini da abina."

Ta mayar. Shi kuwa maganar ta tsaya masa a ƙirji, ya danne ta. Mutumin da ya saba takawa har gona don ya gani da ido, bai iya cire hita kwana biyu ya gwada ba, don yana tsoron abin da zai gani.

Ya tare Luka da zancen wata yamma, a kaikaice. Luka ya cire hular kwano ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, ba mu ƙara komai ba wallahi. Amma in wutar ta yi tsada, sai in ƙara a kan abin da nake kawowa, kada nauyi ya yi wa Anti Rahma yawa." Malam Hambali ya tafi yana cewa a ransa, marar laifi ba ya saurin biyan tara.

Kaka ta yi, ana ta yankan shinkafa, sai aka aiko wa Luka cewa yayan mahaifinsa ya rasu a gida. Suka shirya a gurguje ranar Alhamis. Saloma ta shiga cikin gida ta yi wa Kubra sallama, ta ce, "Mama, ki sa mana ido a ƙofa. Kayan mata 'yan cocinmu ne a firiza, kaji da naman akuya na bikin godiyar kaka. Ni suka ba ajiya." Kubra ta ce Allah ya kai lafiya, ya jiƙan wanda ya tafi. Malam Hambali yana masallaci lokacin, bai ji wannan ba.

Motarsu ba ta kai Kwanar Ɗangora ba ya kira Rahma, wannan karon a ɗaki, murya ƙasa ƙasa.

"Auta, su Luka sun yi tafiya. Kashe layinsu sai sun dawo."

"Baba, firizarsu fa? Kada kayan Maman Caleb su lalace."

Nan ne harshensa ya zame. Ya ce, "Mun yi magana da shi. Babu komai a ciki sai ruwa."

Ta ce to. Yana riƙe da wayar gurnanin bayan bango ya tsaya cak. Ya zauna a bakin gado yana sauraron shirun. Bai gaya wa Kubra ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar majalisa ta cika, har da mai unguwa, don ranar an gama auna shinkafar mutane da yawa kowa bakinsa a buɗe. Malam Hambali ya kasa riƙe abin a cikinsa. Ya ba su labarin dabarar da ya yi, ya ce yau za a san inda wutar take zuwa. Ya kira Rahma, ya buɗe murya yadda ya saba, ya ɗora wayar a kan gwiwarsa.

"Auta, duba mana mitar nan. Tun da aka kashe na su Luka, ai ta huta ko?"

Rahma ba ta san a gaban jama'a take ba. Ta ce ya dakata ta duba. Aka ji ta tana taɓe-taɓe, sannan ta ce, "Baba, abin mamaki, kusan ba ta ragu ba. Bari in buɗe inda yake nuna lokaci lokaci, ban taɓa dubawa ba." Da ta buɗe sai ta ce, "Ga shi. Da rana ba a shan komai. Amma kullum kafin asuba wani abu yana jan wuta da ƙarfi har gari ya waye, sai kuma bayan magariba ya sake. Jiya ma haka, yau da safe ma haka. Baba, wannan a cikin gida yake. Ba firiza ba ce. Mene ne kuke kunnawa a lokutan nan?"

Usaini ya duƙa yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Maikuɗi kuwa, da bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, "Af! Kafin asuba da bayan magariba? Ashe hitar nan ce da muka sayo!"

"Hita?" in ji muryar Rahma daga kan gwiwar mahaifinta. "Baba, hita ce a gidan?"

Ya lalubi wayar zai kashe, yatsansa ya kasa samun wurin, sai da wani ya karɓa ya kashe masa. Mai unguwa, wanda sa'ansa ne kuma sun yi rabon ruwa tare, ya kawar da kai yana kallon wasu awaki a hanya, ya ce a hankali, "To, Allah ya kyauta." Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Malam Hambali ya dafa darbejiya ya miƙe, ya shige gida ya bar takalminsa ɗaya a wurin.

A zaure ya sake kiran Rahma ya ce ta mayar da wutar su Luka yanzu yanzu. Kubra na tsakar gida tana tankaɗe, ta ji. Ta ajiye rariya ta taso.

"Wace wuta za a mayar? Malam, kashewa aka yi? Tun yaushe?"

"Tun ranar da suka tafi."

Ta ɗora hannu biyu a ka ta yi salati. "Naman mutane ne a ciki! Amanar cocinsu ce! A gabana ta faɗa, ni ta bar wa ƙofar!"

Suka zagaya ƙofar Luka. A kulle take da kwaɗo, amma ba sai an buɗe ba. Wani jan ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya bushe a dakali, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Daga ciki firizar ta ɗauki gurnaninta kamar ba abin da ya faru.

Washegari da hantsi su Luka suka dawo, a gajiye, da ƙullin dankali da suka kawo wa Kubra tsaraba. Saloma ta buɗe ɗaki, wari ya buge ta ta ja da baya. Ta ɗaga murfin firiza ta saki ƙara. Kajin sun yi kore sun kumbura, sabuwar ƙanƙara ta kama su a haka. Ta zauna a ƙasa tana cewa, "Me zan gaya wa mata? Me zan gaya musu?"

Malam Hambali yana tsaye a bakin zaure, ya kwana yana shirya abin da zai faɗa. Luka ya zo ya gaishe shi ya ce, "Baba, ashe wuta ta lalace bayanmu? Bari in je wurin yaron kamfani in ji." Malam Hambali ya dube shi. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ya hanya?" Luka ya ce lafiya, ya hau babur ya tafi.

Bai daɗe ba ya dawo. Wakilin kamfanin ya duba masa a na'urarsa ya ce wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya, daga wayar masu gida aka kashe layinsa. Abin da wakilin bai faɗa ba, masu zama a shagon sun cike masa. Luka ya kafe babur, ya tako har gaban tsohon, ya rusuna yadda ya saba. Idonsa ya yi ja amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Baba, da ka faɗa mini. Da na kwashe kayan na kai wani wuri, in bar maka makullin ma ka shiga ka duba da kanka."

"Luka," in ji Malam Hambali. Ya sake cewa, "Luka." Sannan da ƙyar, "Ni ne. Ba ku ba ne. Na zalunce ku."

Luka ya ce, "Ba komai, Baba," ya juya.

Malam Hambali ya bi shi, su biyu suka zuba naman a buhu. Luka ya ce ya bari, ya ƙi. Ya ɗauki fartanya ya bi shi har bayan gari, ya haƙa ramin da kansa yana haki, mutane na wucewa da buhunan shinkafa a kan babura suna rage gudu suna kallo. A gida Kubra ta ɗaura zani ta shiga ɗakin Saloma da omo da bokiti, suka wanke firiza da daɓe. Da ta fito ta wuce ɗakin mijinta, ta ɗauko hitar ta jefa a masai. Kwana da kwanaki tana ajiye masa abinci ta juya.

Da yamma Rahma ta kira. Ba ta yi zancen hita ba. Ta ce, "Baba, na tambaye ka. Ka ce kun yi magana. Da hannuna ka sa na yi wa Maman Caleb wannan, matar da ta goya ni." Sai ta fashe da kuka. Bai taɓa jin abin da ya ji a ranar ba, a ce 'yar da ya haifa ta kama shi da ƙarya, kuma ladabi ya hana ta kiran abin da sunansa.

Abin da ya fi damunsa shi ne labarin da ya ji daga bakin Kubra, cewa wasu daga cikin matan cocin ba su yarda naman ruɓewa ya yi ba, ana raɗe-raɗin Saloma ta tafi da shi gidan makoki. Ranar Asabar ya sa babban ɗansa ya kama bunsurun da yake kiwo, aka haɗa da duk kajin gidan da zabi, aka ɗora a Keke Napep. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya shiga gaba. Bai taɓa taka harabar coci ba a rayuwarsa. Suka tarar da matan a ƙarƙashin rumfa suna koyon waƙa da tulu da kacau-kacau. Da suka ga dattijo da carbi a hannu yana saukowa da ƙyar, waƙar ta mutu.

Ya nemi shugabarsu, wata dattijuwa mai tabarau. Aka kawo masa kujera ya ƙi zama. Ya tsaya a rana ya ce, "Ni ne mai gidan da Saloma take. Amanarku ba ta ci ba. Ni na sa aka kashe musu wuta ba da saninsu ba, a kan zargin da ba su ji ba ba su gani ba. Ni na binne naman da hannuna. Duk wadda ta zarge ta, ta dawo da zargin kaina."

Dattijuwar ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Baba, mun ji. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Saloma na can baya, ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta. Ba ta ɗago ba har ya tafi.

Rahma ta sa aka zo aka kafa wa ɗakunan Luka mitarsu daban, aka haɗa da wayar Luka. Ta aiko wa mahaifinta da wata jakar roba da ake zuba wa ruwan zafi a ɗora a gwiwa. Gaisuwa ta ci gaba, Luka bai daina sauka daga babur ba. Sai dai Saloma ta rage shiga cikin gida, in ta hango tsohon a zaure sai ta gaishe shi daga nesa ta wuce. Shi ma ya daina zaman darbejiya. Daga masallaci sai ɗaki. In an kawo masa wata rigimar gona don ya sasanta, yakan ce a kai wa mai unguwa.

Bayan Kirsimeti Luka ya zo ya durƙusa ya ce ya samu ɗaki a Kura kusa da injin, man babur ya yi tsada, zirga-zirgar ta yi masa yawa. Malam Hambali ya san ba mai ba ne, Luka ma ya san ya sani. Ya ce Allah ya sa alheri, ya sa 'ya'yansa suka taya su loda kaya. Kubra ta yi kuka kamar ana kai 'yarta gidan miji. Mutane sun zo neman hayar ɗakunan, yana cewa tukuna, har daga baya 'ya'yansa suka mayar da su wurin ajiyar albasa.

Da damina ta zagayo, Luka ya zo da kansa da katin gayyata, zai aurar da babbar 'yarsa Joanna. Malam Hambali ya so ya tura Kubra ita kaɗai da buhun shinkafa, ta ce ƙafarta ƙafarsa. Suka je wurin liyafa a filin wata makaranta a Kura. Ya nemi kujerar can baya kusa da katanga ya zauna, yana fatan a gama ba a lura da shi ba.

Ana tsakiyar taro Luka ya karɓi abin magana ya fara gode wa mutane. Ya ambaci fasto, ya ambaci mai injin da yake wa aiki, sannan ya ɗaga hannu ya nuna bayan fili. Ya ce, "Ga Babanmu can, Malam Hambali. Ranar da na zo ƙasar nan ban san kowa ba, shi ya buɗe mini ƙofa. A gidansa Joanna ta girma. Ba ni da uba a nan sai shi." Jama'a suka juya gaba ɗaya suna tafi, wasu matan suka yi guɗa. A cikinsu ya gane fuskokin matan cocin da suka gan shi a tsaye a rana.

Ya yi ƙoƙarin miƙewa don ya amsa, gwiwa ta ƙi, ya ɗaga hannu kawai kansa a sunkuye. Saloma da kanta ta kawo masa abinci, shinkafa da rabin kaza, ta ce Musulmi ne ya yanka, ya ci da daɗin rai. Ya ce madalla, Allah ya ba su zaman lafiya. Ya riƙe farantin a cinya har aka tashi, bai ci ko loma ɗaya ba. Kubra ta karɓa ta juye a leda, suka fita neman abin hawa tun kafin hadarin da ya haɗo ta gabas ya sauko.